Busasshiyar rigar nutso ga gajere kakkaura: ta yaya ake samun wadda ta dace a kuɗi mai sauƙi?

Bala_Lagdo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin ruwa. Shawara nake nema kan busasshiyar rigar nutso, wadda ruwa ba ya shiga cikinta, wadda muke ce wa etanshi. Za a tura ni horo kudancin Faransa a watan Janairu. An ce kayan numfashi nasu ne, amma riga kowa ya zo da tasa. In na dawo kuma ina so ta ci gaba da yi mini aiki a nan.

Ga awona: tsawo santimita 163, nauyi kilo 88, ƙirji 112, ciki 104, ƙugu 108, wuya 44, wuyan hannu 19, sha-raɓa 43, daga matsematsi zuwa ƙasa 70, takalmi lamba 42. Duk jadawalin awo da na duba, ƙirjina yana faɗawa a XL, tsawona kuma a S. Abin da ke hannuna sefa dubu 600 ne. Wacce zan bi, ƙirji ko tsawo?

Malam_Isiyaku_Garwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bi ko ɗaya. In ka bi tsawo, zif ba zai rufu a kafaɗarka ba, in ma ya rufu ba za ka iya ɗaga hannu ba. In ka bi ƙirji, za ka sami rigar da aka yanka wa mutum mai tsawon 180 ko fiye, ƙafafunta za su fi naka da santimita goma zuwa goma sha biyar. Wannan rarar ita ce hatsarin. Busasshiyar riga jaka ce mai iska a ciki, kuma iska kullum sama take nema. Da zarar ƙafafunka sun ɗan fi kanka tashi, iskar za ta gudu ta cika rarar ƙyallen, takalmin rigar ya kumbura ya zame daga ƙafarka da filafilan iyo gaba ɗaya. Bawul ɗin fitar da iska yana kafaɗar hagu, ya koma ƙasa ke nan, ba abin da zai fitar. Kana tashi iskar tana ƙara faɗi: daga mita 10 zuwa saman ruwa ninki biyu take yi. Haka mutum ke fitowa ƙafafu sama ba tare da ya iya tsayawa ba.

Hanyoyi uku ne gare ka: awon gajeru na kanti, ɗinki a kan awonka, ko gwanjo a rage mata ƙafa.

Yaro_Yagwa:
Yallaɓai, ni tambayata ma daban ce. Me ya kai mu ga busasshiyar riga a ƙasar da ake neman inuwa? Jiƙaƙƙiyar riga, wadda ruwa ke shiga cikinta, mai kaurin milimita 7 ba za ta ishe shi wata ɗaya ko biyu ba? Tana miƙewa, ta fi arha nesa ba kusa ba.

Ali_Kiribi:
Yaro_Yagwa, ruwan Bahar Rum a gefen Marsey a Janairu yana wajen digiri 13. Nutson yawon buɗe ido na minti 40, milimita 7 za ta iya. Horon aiki kuwa tsayawa ake yi wuri guda ana ɗaura kusoshi ko yanka ƙarfe, jiki ba ya motsin da zai ɗumama shi, a fito a jira a kan jirgi iska tana kaɗawa, a sake komawa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ga shi roba mai kumfa tana matsewa a zurfi: a mita 30 matsi ya kai bar 4, wato ninki huɗu na saman ruwa, kaurin nan na 7 ya ragu sosai, ɗumin ya tafi da shi. Tun da makaranta ta ce busasshiya, busasshiyar za su duba.

Habu_Njamena:
Kafin a yi nisa, akwai awon da Bala bai kawo ba, kuma shi ne uban sauran: zagayen gangar jiki. A ɗora tef a kan kafaɗa kusa da wuya, a sauko da shi ta kan ciki, ya bi ta matsematsi, ya hau ta baya ya koma inda ya fara. Mutum gajere mai tumbi sau da yawa zagayensa daidai yake da na dogo siriri, don tef ɗin sai ya hau tudun ciki kafin ya sauka. Abin da ya gajarta a jikinsa ƙafa ne da hannu. Shi ya sa nake ganin gangar L ko XL za ta iya zama masa daidai, matsalar ta tsaya ga gaɓoɓi kawai. In haka ne aikin ya yi sauƙi.

Ka ƙara da waɗannan: tsawon hannu daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, kaurin ƙwanji, kaurin cinya a inda ta fi kauri, daga matsematsi zuwa tsakiyar gwiwa, da zagayen kai.

Bala_Lagdo:
Na gode Malam Habu. An auna ni yanzu: zagayen ganga 171, hannu 56, ƙwanji 38, cinya 64, matsematsi zuwa gwiwa 31, kai 58.

Habu_Njamena:
To ka gani. Da 171 ba ka cikin ƙananan riguna ko kaɗan. Ka manta da S da M.

Danjuma_Kusiri:
Game da awon kanti: wasu kamfanoni suna da awon gajeru, suna ƙara harafin S a bayan lambar. Santi na Poland suna da LS da XLS, Bare na Kanada da DUI na Amurka su ma suna da na gajeru da na dogaye. Sai dai a lura, "gajere" a wurinsu mataki ɗaya ne ƙasa da na asali, wato mutum mai tsawon ɗari da saba'in da wani abu. Mai 163 zai rage da rara ko a cikin XLS. Sannan sababbin rigunan manyan sunayen nan da yawansu sun haura yuro 2000. Kuɗin Bala, in aka raba dubu 600 da kusan sefa 656, canjin yuro ɗaya, bai wuce yuro 915 ba. Sabuwa a wajensu ba ta taso ba.

Ali_Kiribi:
Shi ya sa ni ɗinki a kan awo zan ce. A Ingila akwai ƙananan masana'antu da wannan ne aikinsu. Seaskin suna ɗinka kowace riga a kan awon mai saye, ana cika takardar awo ta intanet, kuma farashinsu yana ƙasa da na manyan sunaye sosai muddin mutum bai yi ta ƙara kayan alatu ba. Otter da O'Three su ma suna ɗinki a kan awo, amma sun fi tsada. Abu biyu za a lissafa. Na farko lokaci: ɗinki yana cin makonni, wani lokaci watanni, sai a tambaye su kafin a biya. Na biyu haraji: tun 2021 kayan da suka fito daga Ingila zuwa Faransa ana biyan TVA, wato harajin sayen kaya, kashi 20 cikin ɗari a kansu, ban da ladan kamfanin aikawa. A sa wannan cikin lissafi tun farko, kada riga ta iso a rasa abin karɓarta.

Tela_Marwa:
Ni a fannin awo zan sa baki, don nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kada ka auna kanka, wani ya auna ka kana tsaye ƙafafu a ɗan ware, ba takalmi. Tef ya kwanta a jiki, kada ya nutse cikin nama, kada ya yi lilo. Kada ka tsuke ciki. Kada kuma ka ƙara ko santimita ɗaya wai don kayan sanyin da za ka sa a ciki, sai in takardar kamfanin ce ta ce ka auna da su. Masu yanka suna ƙara nasu sarari, in ka ƙara naka an ninka, ka koma cikin buhu. Awon matsematsi zuwa ƙasa, ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyi ka tura shi sama har ya tokare, a auna daga saman littafin zuwa daɓe. Awon wando na tela ya fi wannan gajarta, kada a kawo shi. A maimaita komai sau biyu a ranaku daban. Kuma a duba tef ɗin: wasu gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen inci ne ko wani awo na Sin.

Wani abu: kada a yi awo a ƙarshen azumi ko bayan zazzaɓi, jiki zai dawo riga ba za ta bi shi ba.

Yaro_Yagwa:
Baba Tela, in ya sayi gwanjo, ba za ku iya rage masa ƙafar a keke ba?

Tela_Marwa:
A'a ɗana. Kowane hujin allura ƙofar ruwa ne. Ɗinkin irin wannan riga sai an rufe shi ta ciki da tef na musamman ko gam. Wannan aikin masu faci ne da suka san kayan.

MaiFaci_Pitowa:
Gaskiyar Baba Tela. Ga yadda rage ƙafa yake, don Bala ya san abin da zai tambaya in ya bi ta gwanjo.

Ana ɗumama mahaɗin takalmi da ƙafar riga da na'urar busar da gashi har gam ya saki, a cire takalmin, a yanke rarar, a goge wurin da takardar yashi mai laushi, a wanke da sinadarin da ya dace da gam ɗin, a cusa kwalba ko guntun bututun roba mai faɗi a ciki don bakin ya tsaya a zagaye, a shafa gam shafi biyu ko uku ana barin kowane ya sha iska, a haɗa, a danne da abin murzawa, a rufe ta ciki da tef, a bar shi awa 24 kafin ya ga ruwa.

Amma akwai iyaka. Ƙafar riga tana faɗaɗa tana hawa sama. In ka yanke santimita biyar ko shida, bakin zai dace da takalmi. In ka yanke 14, bakin ya fi wuyan takalmin faɗi, sai an tsuke shi, wato an taɓa dogon ɗinkin gefe. Abu na biyu, yanka daga ƙasa ba ya matsar da abin da ke sama. Facin gwiwa zai zauna a ƙwaurinka, aljihun cinya ya sauko kan gwiwa. Da awonka na 31 daga matsematsi zuwa gwiwa, dole a cire wani abu a cinya ma, an sami sabon ɗinki mai zagaye ke nan a kowace ƙafa. Hannu ma haka: an rage shi daga ƙasa, amma bawul ɗin kafaɗa yana nan inda aka huda wa dogo, zai faɗo maka kusa da gwiwar hannu ko ya juyo gaba, sai ka karkace sosai kafin iska ta fita. Matsar da shi sai an toshe tsohon rami an huda sabo.

In ka tara kuɗin ƙafa biyu, hannu biyu, bawul, da sababbin robobin wuya da hannu, gwanjon ya kusa kamo ɗinkin awo.

Danjuma_Kusiri:
Ban yarda gwanjo ba shi da amfani ba. A shafukan saye da sayarwa na intanet, Leboncoin da eBay, ana samun rigunan da aka ɗinka wa gajerun mutane tun asali, mai ita ya daina nutso. Haƙuri ake yi ana dubawa. Abin da za a nema wurin mai sayarwa: ya shimfiɗa ta a ƙasa ya auna daga hammata zuwa hammata, daga matsematsi zuwa tafin takalmi, da tsawon hannu, ya turo hoto da tef a kai. Ya turo hoton zif kusa-kusa, a buɗe da kuma a rufe, musamman ƙarshensa. In zare ya fara tsitstsinkewa a gefen haƙora, ko haƙori ɗaya ya kauce daga layi, zif ɗin ya gama, kuma shi ne abu mafi tsada a jikin rigar. Ya juya ta ciki a ga tef ɗin ɗinki a matsematsi da hammata, nan yake fara ɓarewa. Robar wuya da ta hannu kuwa a ɗauka kawai za a canza su.

MaiFaci_Pitowa:
Ban ce ba shi da amfani ba, Malam Danjuma. Wadda aka ɗinka wa gajere daban, XL da za a sassare daban. A kan ta biyun nake magana.

Malam_Isiyaku_Garwa:
Ba a taɓo irin ƙyallen ba har yanzu. Iri uku ne. Akwai neyofiren, roba mai kumfa, da wadda aka danne ta ta koma milimita 2 zuwa 4. Akwai mai fata uku, shafin roba a tsakiya ƙyalle a gefe biyu, ba ta da ɗumi nata sai abin da ka sa a ciki. Akwai kuma robar da aka gasa, irin ta kamfanin Viking, ta aikin ruwa mai ƙazanta.

Ga kakkauran mutum ni dannanniyar neyofiren nake so. Tana miƙewa, don haka ana yanka ta kusa da jiki, ba rarar da iska za ta yi yawo a ciki. Mai fata uku yawanci ba ta miƙewa, duk motsin da za ka yi sai an bar masa ƙyalle. Mai ƙwanji 38 da cinya 64 zai ji bambancin ranar da ya tsuguna.

Ali_Kiribi:
Malam, da girmamawa, a nan na saɓa maka. Bala ya ce yana so ta yi masa aiki bayan ya dawo. Neyofiren ɗuminta a jikinta yake, ba ka iya rage shi. A Lagdo, ko da hunturu, dafa mutum za ta yi. Mai fata uku kuwa a Faransa ya sa mata kayan ciki masu kauri, a nan ya sa riga da wando marasa nauyi. Ta fi sauƙin ɗauka a jirgi, tana bushewa cikin 'yan awoyi, neyofiren tana iya kwana biyu da laima. Faci ma ya fi sauƙi a kanta. In a kan awonsa aka yanka ta, maganar rashin miƙewa ta ragu.

Malam_Isiyaku_Garwa:
In ɗinkin awo ne, na sassauta. In ta kanti ce, ina kan bakana.

Sarkin_Ruwa_Maga:
Ku bari in ja hankali kan amfani da ita a nan gida, don kada a ɗauka rigar maganin komai ce. A Maga da Lagdo da bakin Logon, abin da ya fi sanyi damun mai nutso shi ne tsargiya. Tsutsar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, kuma ta fi yawa a ruwa marar zurfi mai ciyawa, daidai inda ake shiga da fita. Busasshiyar riga tana rufe mafi yawan jiki, wannan riba ce. Amma hannu da wuya da fuska a buɗe suke, sai an haɗa da busasshiyar safar hannu da abin rufe fuska gaba ɗaya. Aikin magudanar ƙazanta ko ruwan da mai ya zuba ciki kuwa, mai fata uku ba ta isa ba, don ƙyallen wajenta yana shan dauɗa ba ya wankuwa tas. Nan sai gasasshiyar roba da ke haɗe da hular ƙarfe.

Sannan zafi. A Maris da Afrilu rana tana wuce digiri 40 a Garwa da Njamena. Wanda ya rufe zif ya tsaya jira a kan kwalekwale minti goma sha biyar yana iya sumewa kafin ya taɓa ruwa. A shirya komai tukuna, riga ita ce ta ƙarshe, a inuwa, a riƙa kwara masa ruwa a kai, ya sha ruwa sosai kafin ya shiga.

Habu_Njamena:
Mu koma kan jikin Bala. Maganar zif. Rigar da zif ɗinta ke gaba, daga kafaɗa ya gangaro a karkace zuwa ƙugu, mutum yana rufe ta da kansa, amma sai an ƙara wa gangarta tsawo don kai ya iya shiga, a naɗe rarar a ƙugu a riƙe ta da igiyar matsematsi. A jikin mai tumbi naɗin nan yana taruwa a ƙasan ciki, daidai inda ɗamarar dalma, mai ƙara wa mai nutso nauyi, ke zama. Kuma zif yana da tsawonsa, in ganga ta gajarta ƙarshensa yana sauka a kan mahaɗin cinya, duk zama sai ya lanƙwashe, nan yake karyewa. Zif na baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya fi dacewa da mai faɗin kafaɗa: ba naɗi, ya fi arha, ba ya shan lanƙwasa. Aibinsa sai wani ya rufe maka. A aikinmu ba wanda ke shiga ruwa ba mai kula da shi a sama, don haka wannan ba aibi ba ne sosai.

Ko wanne ka zaɓa, a sa igiyoyin rataya na ciki. Su ke riƙe matsematsin riga a sama. In ya sauko santimita biyar, ba ka iya ɗaga ƙafa ka hau tsani.

Ali_Kiribi:
Ƙari kan ƙafa: ka zaɓi safa mai laushi maimakon takalmin da ke manne. Kana sa takalmi mai igiya a kanta, ka ɗaure idon sawu, iska ba ta samun wurin taruwa, kuma ba zai zame ba. Da sha-raɓa 43 ka rubuta musu a fili su buɗe ƙasan ƙafar. Takalmin waje ya fi lambarka da ɗaya ko biyu, filafilan iyo ma sai masu babban aljihu.

Bala_Lagdo:
Allah ya saka da alheri. To wuya fa? Wuyana kauri ne kuma gajere. Na ga robar da ke rufe wuya akwai ta latas, wato siririyar roba irin ta safar hannun likita, da ta silikon da ta neyofiren.

MaiFaci_Pitowa:
Ta neyofiren ana naɗe bakinta ciki kamar yatsu biyu ko uku kafin ta riƙe iska, gajeren wuya ba shi da wurin wannan naɗin, za ta tokare maka haɓa. Latas ta fi maka. Tana zuwa kamar mazurari da layuka a zagaye, ana yanka ta ta dace. A ƙa'ida bakinta ya gaza wuyanka da kashi 15 zuwa 20, wato kai mai 44 kana neman tsakanin 35 da 37. Layi ɗaya ake yankewa a gwada, da almakashi mai kaifi sosai, dogon yanka ba tsinke-tsinke ba, don duk ƙaramar tsaga nan za ta yage. In ka sa ka ji fuska ta yi nauyi, jijiyoyin goshi sun tashi, ko jiri, ta matse. Tana danne jijiyar gefen wuya, bugun zuciya ya ragu, mutum yana iya suma a ruwa. Ka zauna da ita minti biyar a ɗaki kafin ka yanke hukunci. Abin da ka yanke ba ya dawowa.

Danjuma_Kusiri:
Ni silikon zan ce saboda ƙasarmu. Latas zafi da rana suna cinye ta, ta yi danƙo ko ta tsattsage. Silikon bai damu da wannan ba, kuma in ya yage ana canza shi a bakin ruwa cikin minti kaɗan.

MaiFaci_Pitowa:
Haka ne, amma gam ba ya kama silikon, dole sai da zoben da zai riƙe shi a jikin rigar, irin na kamfanin Si Tech. Zoben wuya yana da faɗi, yana zama a kan ƙashin wuya da kafaɗa. A jikin gajere mai tudun kafaɗa, igiyoyin kayan baya suna hawa kansa su danna, kuma yana rage ɗaga hannu. Wanda bai gwada a jikinsa ba kada ya yi oda. Shawarata: latas a wuya da gam, zobe a hannu kawai. Zoben hannun ma a duba tafin hannu zai wuce, mai siffar ƙwai ya fi mai da'ira rashin cika wuri. Ya sayo robar wuya ɗaya da ta hannu biyu na ajiya, da gam ɗinsu, tun yana can.

Hajiya_Marsey:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗan uwa Bala, kada a aika rigar Garwa. Ka ba da adireshin makaranta ko na wani amintacce a nan Faransa, ka tarar da ita. In ta bi ta Duwala ka biya duwan, wato kuɗin kwastam, sannan ka sake ɗauko ta zuwa inda ta fito, kuma in akwai gyara mayar da ita masana'anta daga gida wahala ce. Ka iso da kwana uku ko huɗu a hannu don gwaji. Kayan ciki kada ka saya a kantin nutso in kuɗi sun yi kaɗan: riga da wandon ulu na roba, irin na masu hawan dutse, shafi biyu, suna yi, ana samunsu da arha a Decathlon. Auduga ce kawai ba a so, tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyi a jiki. Lokacin dawowa a naɗe rigar zif yana waje a kwance, kada a ɗora masa nauyi a akwati.

Malam_Isiyaku_Garwa:
Hajiya ta kawo maganar gwaji. Ga yadda ake yinsa, da cikakkun kayan ciki a jiki, zif a rufe. Ka tsuguna ka buɗe bakin wuya da yatsa iska ta fita, ka miƙe. Ka ɗaga hannu biyu sama ka haɗa tafi: in matsematsi ya ja ka, ganga ta gajarta. Ka rungume kanka har yatsu su taɓa allon kafaɗa. Ka kai hannu ƙeya kamar za ka murɗa bakin tukunyar iska. Ka ɗora ƙafa a kan kujera, ka durƙusa gwiwa ɗaya. Ka kama ƙyallen cinya: in ya cika tafin hannu har ya yi saura, ya yi yawa. Wanda ya kasa ɗaya daga cikin waɗannan a tudu, a ruwa abin ya fi muni, don matsi yana manne rigar da jiki.

Ka duba kan bawul ɗin ƙirji, wanda ke hura iska cikin rigar, ya dace da tiyon da makaranta za ta ba ka. Iri biyu ne suka fi yawa, irin na rigar daidaita nauyi da kuma CEJN mai faɗin baki, ba sa shiga juna. Ka sayi tiyonka da rigar, ɗaya bakin nasa yana shiga ramin ƙaramin matsi na kowane detanda na zamani, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya.

Sarkin_Ruwa_Maga:
Dalma ma za ta ƙaru, kilo biyu zuwa huɗu ko fiye, gwargwadon kaurin kayan ciki. Mai ciki 104 da ƙugu 108 ba shi da inda ɗamara za ta tsaya, in riga ta matse a zurfi sai ta sulluɓe. A rataya dalmar a kafaɗa da abin ɗaurin da ke da maɓallin saki. Kuma ranar farko a ruwa mai mita uku ko huɗu ya koyi abu uku: juyawa in ƙafafu sun tashi, cire tiyo in bawul ya maƙale yana ta hura iska, da buɗe bakin wuya ko na hannu don zubar da iska da gaggawa.

Yaro_Yagwa:
Ajiya fa a nan, ga zafi ga ƙura?

MaiFaci_Pitowa:
A wanke da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, ciki tukuna sannan waje. Zif na ƙarfe a goge ƙura da tsohon buroshin haƙori, a shafa kakin zuma ko kyandir a haƙoran waje kawai, a ajiye shi a buɗe. Na roba, irin TIZIP, ana ɗan shafa man silikon a inda yake ƙarewa, a ajiye shi a rufe. Latas a barbaɗa mata hoda marar ƙamshi. Man shafawa, basilin, turare, fetur da maganin sauro duk suna narkar da ita. Kada a rataye ta a ɗakin janareta ko kusa da injin lantarki, kada a bar ta cikin mota ko ƙarƙashin kwano. Ɗakin ƙasa mai duhu ya fi, cikin akwatin da ɓera da kyankyaso ba sa shiga. Neman yoyo kuwa: a toshe wuya da ƙwallo ko tukunya mai santsi, hannaye da kwalabe, a rufe bawul ɗin kafaɗa, a hura, a shafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa a zana da alli.

Bala_Lagdo:
Na rubuta duka. Abin da na karkata gare shi: mai fata uku a kan awona, zif na baya, safa, latas a wuya, aljihu ɗaya. Zan tambaye su tsawon lokacin ɗinki gobe in Allah ya kai mu. In ba za ta iso kafin Janairu ba, sai gwanjo. Malam Habu, da zagayen ganga 171, wane awo zan nema wurin masu gwanjon, daga wuya zuwa matsematsi?

Habu_Njamena:
Rabin zagayen ka ƙara sarari, wato kada ya gaza 90 in an shimfiɗa ta, ana aunawa daga ɗinkin kafaɗa kusa da wuya. Hammata zuwa hammata kada ya gaza 62 a mai fata uku.

Malam_Isiyaku_Garwa:
Ni 62 ya yi mini kaɗan in zai sa kayan sanyi shafi biyu. Ninka shi 124 ne, ƙirjinsa 112, kayan ciki za su cinye rabin abin da ya rage. Ka nemi 64 ko 65. Kuma ka fara tambayar makarantar ko suna da sharaɗi kan irin ƙyallen, don inda ake koyar da walda da yanka a ƙarƙashin ruwa wasu ba sa son siririyar mai fata uku, tartsatsi da bakin ƙarfe suna huda ta.

Ali_Kiribi:
In sun ce haka, akwai mai fata uku mai kaurin ƙyallen waje, a ƙara faci a gwiwa da mazaunai da gwiwar hannu, ko ya ɗora tsohuwar rigar makanikai a kai. Bala, ka turo mana amsarsu kafin ka biya.